Filin da Aka Sa wa Sunan Althea

Lokacin da Pearline Gayle da ƙawarta Vinette Samms suka kafa kulob ɗin netbol, wasan mata na jefa ƙwallo cikin zobe, a ƙauyen Cedar Gap, a shekarar saba'in da tara, ba su da fili, ba su da riguna, ƙwallon ma aronta suke yi daga makarantar firamare. Abin da suke da shi kawai wani tsohon daɓen siminti ne a bayan coci, inda ake shanya 'ya'yan fimento, wani kayan ƙamshin girki, idan kakarsu ta zo, sai kuma mijin Pearline, Mas Clovis, kafinta marar yawan magana. Shi ya saro gora biyu dogaye, ya lanƙwasa rodi ya yi zobe, ya kafa ɗaya a kowane ƙarshen daɓen. Zoben gabas ya ɗan karkace, kuma har aka bar wurin bai taɓa miƙewa ba.

Su biyun tun suna makaranta suke wasa tare. Pearline gajera ce kakkaura, mai wasa a tsakiya, bakinta ba ya hutawa a fili. Vinette doguwa ce siririya, ita ke jefa ƙwallo cikin zobe, in ta ci ko murmushi ba ta yi. Da aure ya zo, haihuwa ta biyo baya, sai rayuwarsu ta koma daga rafi zuwa kicin, daga kicin zuwa coci. Wata rana suna wanki a rafi Pearline ta yar da sabulu ta ce,

"Vin, ni fa na gaji. Shekarata ashirin da huɗu, amma ji nake kamar kakata."

"To me kike so in yi miki? In goya ki?"

"Ki zo mu nemo mata biyar. Bakwai dai ake buƙata."

"A garin nan? Wa zai bar matarsa ta sa guntun siket tana tsalle a bayan coci?"

"Ai nawa ya bari."

"Naki tsoronki yake ji."

Sun samu biyar ɗin, da lallashi da gori. Fasto ya ba su daɓen bisa sharaɗi biyu, ban da wasa ranar Lahadi, ban da ashar. Pearline ta kiyaye na farko. Sunan kulob kuwa daga rufin cocin suka samo shi, inda tsattsewa ke sheƙa, aka riƙa ce musu 'Yan Tsattsewa.

Wasansu na farko da matan garin Santa Cruz ne, aka ci su arba'in da ɗaya da shida. Suka dawo a bayan motar rake, ƙafafu duk sun yi bororo, mazan da ke zaune a ƙofar shagon garin suka tarye su da shewa.

"Tsattsewa ne waɗannan ko kajin gidan gona?" in ji wani.

Vinette ta diro daga mota ta dube shi daga sama har ƙasa. "Shidan nan ni na ci su da hannuna. Kai me ka taɓa ci a duniya ban da girkin uwarka?"

Duk wannan abin a idon Althea aka yi shi, 'yar Pearline guda ɗaya tilo, tana da shekara uku. Ana kifa mata bokiti a gefen daɓe, a ba ta guntun rake, ta zauna tana tsotsa tana kallon manya suna gumi.

Sannu a hankali abin ya kama. 'Yan matan da ke leƙe ta bayan katanga suka fara shigowa. Bakwai suka zama sha biyar, sha biyar suka zama talatin, har sai da aka raba manya da yara. Suna soya kifi su sayar ranar Juma'a don kuɗin mota, Vinette ta ɗinka musu siket ruwan toka da baƙi a kekenta. Wata babbar guguwa a shekarar tamanin da takwas ta kwashe rufin gidaje da na coci da gorar biyu, Mas Clovis ya gyara rufin gidansa a rana ta farko, a rana ta biyu matarsa ta tasa shi gaba zuwa daɓe. Da gwiwar Pearline ta fara ba ta wahala sai ta ajiye wasa ta rataya usur, ta zama mai horarwa. Kowace shekara tana rubuta wa kansila takarda a zo a yi musu fili na gaske, don daɓen ya tsattsage, yana cin gwiwoyin yara, kuma da kakar fimento sai sun jira an kwashe shanya. Kowace shekara amsar ɗaya ce, ana dubawa.

Althea ta taso doguwa kamar ubanta, shiru-shiru kamarsa. Tana da shekara sha biyar ta karɓi wurin Vinette a gindin zobe, Vinette da kanta ta cire rigar ta sa mata. Yarinyar in ta ɗaga ƙwallo sama da kanta, ta ɗan lanƙwasa gwiwa, mutane sukan fara tafi tun ƙwallon ba ta bar hannunta ba. Uwarta ce kaɗai ba ta tafawa. Pearline ta fi tsananta mata a kan kowa, wai kada a ce ta fifita tata. In wata ta makara zagaye biyar, in Althea ce goma.

"Mama, ko sau ɗaya ba ki taɓa cewa na yi daidai ba."

"Ran da kika yi zan faɗa."

A zuciyarta kuwa ta sha faɗa. Takan tsaya a ƙofar ɗaki ta kalli doguwar ƙafar yarinyar da ta zarce gado, ta ji kamar ƙirjinta zai fashe don alfahari. Ajiye maganar take yi sai ran da suka ɗauki kofi.

A shekarar casa'in da huɗu, karo na farko a tarihinsu, 'Yan Tsattsewa suka kai wasan ƙarshe na gundumar St. Elizabeth. Althea na da shekara sha takwas. Makonni kafin wasan ta fara ja da baya a atisaye, ta kan tsaya ta dafa gwiwa tana haki. Uwarta ta ɗauka saurayi ne, don an ce an ga wani ɗan garin Lacovia yana raka ta gida.

Da safiyar ranar wasan Pearline ta dafa ayaba da kifi mai gishiri. Althea ta zauna tana jujjuya cokali.

"Ki ci mana, mota ba za ta jira ki ba."

"Mama, ƙirjina ne. In na yi gudu sai in ji kamar an ɗora mini dutse."

"Iska ce. Ki sha shayin citta."

"Da dai yau Marvette ta taso daga benci ta shiga a wurina."

Pearline ta ajiye tukunya da ƙarfi. "Marvette? Shekara goma sha biyar ina jiran wannan rana, ki ce mini Marvette? Tsoro ne kawai ya kama ki. Kowa yana jinsa. Tashi ki sa takalminki."

 Yarinyar ta sha shayin, ta sa takalmi.

A garin Black River aka yi wasan, rana tsaka, rabin ƙauyen ya bi su a motoci uku. Wasa kashi huɗu ne, kuma har aka gama kashi na biyu Cedar Gap ce a gaba da ci uku. Althea ta jefa ashirin da ɗaya, biyu kacal ta ɓarar. A tsakiyar kashi na uku ta yi tsalle ta cafe ƙwallo, ta dira, ta tsaya kamar mai tunanin wani abu, sai ta sulale ƙasa. Ba wanda ya taɓa ta.

Pearline daga bakin layi ta ɗaga murya yadda kowa ya ji.

"Althea! Tashi! Ba lokacin shagwaɓa ba ne!"

Vinette ce ta fara rugawa cikin fili. Da Pearline ta ga yadda ƙawarta ta durƙusa ta tallafo kan yarinyar, sai ita ma ta ruga. Aka sa Althea a bayan wata a-kori-kura, kanta a cinyar uwarta. Asibiti bai yi nisa ba, amma kafin su isa ƙofa ta cika. Likita ya ce wani ciwo ne a zuciya da aka haife ta da shi, irin wanda ba ya nuna kansa sai jiki ya wahala.

Kwana tara gidan Mas Clovis cike da mutane, ana waƙoƙin coci, ana dafa miyar kan akuya, Pearline na zaune a kujera ɗaya kamar an dasa ta. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abin da ke yawo a kanta bai wuce shayin citta da kalmomin da ta faɗa a bakin layi ba. Tana ta lissafin ko yarinyar ta ji su kafin ta tafi.

Jarida ta buga labarin da hoton Althea riƙe da ƙwallo. Bayan wata shida Vinette ta zo gidan da la'asar, ta samu Pearline a baranda tana ɓarar wake. Ta zauna a matakala.

"Pearl, kansila ya zo. Ya ce za a ba mu filin da ke gefen makaranta, a zuba kwalta. Mutanenmu na Ingila da Kanada sun haɗa hannu za su kawo ƙarafa da riguna. Ana so a sa wa wurin sunan Althea."

Pearline ta ci gaba da ɓarar wake. Can ta ce, "Shekara goma sha biyar ina roƙon buhun siminti."

"Na sani."

"Ashe ba takarda suke so ba. Gawa suke jira. Da sun faɗa mini tun farko kuɗin fili ke nan, da na ce su riƙe abinsu."

"Haba Pearl. Yaran nan suna nan, su talatin, kullum sai sun tambaye ni yaushe Mis Pearline za ta dawo."

"Ki ce musu ta mutu a Black River. Ke kuma in kin ga za ki iya tsalle a kan kabarin 'yata, ga fili nan, ki yi ta yi."

Vinette ta miƙe tsam. Ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai ta fasa, ta sauka matakala ta tafi.

Aka gina filin. Ranar buɗewa aka aiko wa Pearline da kati, ba ta je ba. Mas Clovis ya sa kwat ɗinsa ya je shi kaɗai, ya dawo ya rataye kwat ɗin, ba ta tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Filin na kan hanyar kasuwa ne, saboda haka ta koma bin hanyar bayan makabarta, wadda ta ninka waccan tsawo, kuma haka ta yi ta bi da ciwon gwiwarta shekara ashirin da huɗu. Ta sauya wurin zamanta a coci don kada su haɗa benci da Vinette. In sun yi kiciɓis sai "barka da safiya, Mis Samms," "barka, Mis Gayle," kamar ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba.

Ƙin zuwa bai hana ta ji ba. Ƙauyen ƙarami ne, in iska ta juyo tana kawo ƙarar usur har cikin kicin ɗinta. Ta ji ihun da aka yi a casa'in da tara, ran da suka ɗauko kofin gunduma, motoci na ta hon har ƙofar gidanta, ta rufe taga. Ta ji an sa fitilu, an gina benci mai hawa uku, an yi ɗakin sauya kaya. Ta ji yara sun haura ɗari, ana kawo su daga ƙauyuka biyar. Ta ji biyu sun tafi Kingston sun sa rigar ƙasa, wata ta samu gurbin karatu a waje. Ta kuma ji cewa Vinette ta kafa doka, ba yarinyar da za ta taka filin sai nas ta auna ƙirjinta a farkon kowace kaka, kuma duk wadda ta ce wani wuri na mata ciwo, ko wasan ƙarshe ne, a benci za ta zauna. An ce iyaye sun sha faɗa da ita a kan haka, ba ta taɓa sassautawa ba.

Mas Clovis ya rasu a shekara ta dubu biyu da bakwai. Vinette ta zo jana'iza, ta tsaya a baya, ta ajiye kwanon abinci a baranda ta tafi. Pearline ta wanke kwanon ta aika mata da shi.

A ƙarshen dubu biyu da sha takwas wata mata ta yi sallama a ƙofar Pearline. Tameika Rowe ce, wadda ta taso a hannun Vinette, yanzu ita ke horar da manya.

"Mis Pearline, Mis Vin ce ta aiko ni. An sallamo ta daga asibiti, sun ce ba abin da ya rage su yi. Ciwon daji ne. Ta ce in gaya miki in ba ki zo ba, ita za ta sa a ɗauko ta a kujera a dire miki a baranda."

"Har yanzu bakin nan nata yana nan?"

"Shi kaɗai ya rage."

Ta je da yammar ranar. Doguwar matar nan ta koma kamar ƙirare a ƙarƙashin zanen gado. Pearline ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga.

"Shigo mana, gajeruwa. Ba ya yaɗuwa."

"Kin rame, Vin."

"Ke kuwa kin ƙara faɗi. Zauna, ba ni da numfashin ɓatawa."

Pearline ta zauna a bakin gado. Vinette ta dubi rufi ta ce,

"Ran da na zo gidanki a kan maganar fili, akwai abin da na zo faɗa, na kasa. Ranar Talata kafin wasan Black River, Althea ta same ni a gindin zobe bayan atisaye. Ta ce, Anti Vin, ƙirjina na ciwo, ki yi wa Mama magana, ke tana jin maganarki. Na ce to. Na zo har ƙofar gidanku, Pearl. Na ga fitilar kicin ɗinki. Sai na ce a raina, bari a gama wasan Asabar tukuna, in ya so Litinin na kai ta asibiti da kaina. Ni ma kofin nake so. Ni ma shekara goma sha biyar na jira."



"Kin ɗauka daɗin filin nake ji?" in ji Vinette. "Kullum na shiga sai na karanta sunanta a ƙofa. Ban da wurin da zan kai abin nan ne, shi ya sa na tsaya. Ke kin gudu da naki, ni na zauna da nawa."

Pearline ta ji wani abu ya taso mata, ba ta san ko fushi ne ba. Ta so ta miƙe ta fita. Sai ta dubi hannun da ke kan zane, dogayen yatsun nan da suka koya wa 'yarta riƙon ƙwallo, ta ga babu komai a jikinsu sai fata.

"Shekara ashirin da huɗu," ta ce, "kika bar ni ina ganin ni kaɗai ta faɗa wa."

"Na bar ki. Tsoro na ji."

"Ke? Tsoro?"

"Naki. Ai ba Clovis kaɗai ke tsoronki ba."

Dariya ta kuɓuce wa Pearline, kafin ta ankara dariyar ta rikiɗe ta zama kuka, irin wanda ba ta yi ba a kwana taran nan. Ta kifa kanta a kan gadon, Vinette ta ɗora mata hannu a ƙeya. Ba wadda ta ce ta yafe wa wata. Amma kashegari Pearline ta dawo da romon kaza, haka jibi, haka kullum har kwana goma sha tara. Ita ta rufe mata ido.

Ranar jana'iza 'yan kulob sama da ɗari suka yi layi biyu daga ƙofar coci har makabarta, cikin ruwan toka da baƙi, daga masu furfura har 'yan shekara bakwai. Pearline ta bi ta tsakiyarsu a bayan akwati, mafi yawansu ba su san ko wace ce ba.

Bayan wata biyu Tameika ta sake zuwa, riƙe da littafi da biro.

"Mis Pearline, bana kulob ke cika arba'in. Muna so mu rubuta tarihinsa a bangon ɗakin sauya kaya. Na ɗauka Mis Vin ta ajiye komai a rubuce, ashe a kanta yake. Daga casa'in da huɗu zuwa yau muna da hotuna. Kafin nan ba mu da komai, ko sunayen bakwai ɗin farko ba wanda ya sani."

"Nan za mu yi, ko can?"

Tameika ta dube ta. "Inda kika ce."

Pearline ta shiga ɗaki ta ɗauko hularta da sandarta. Suka bi hanyar kasuwa. A ƙofar filin ta tsaya ta karanta allon, harafi bayan harafi, sannan ta wuce ta zauna a benci na ƙasa. Ƙananan yara ne ke atisaye, suna ta ihu, ƙwallo na kuɓuce musu. Ta ba da labarin daɓen shanya, da gorar Mas Clovis, da sharaɗin fasto, Tameika na rubutawa tana dariya.

"To sunayen fa?"

"Ni, da Vinette Samms. Hyacinth Ebanks, ta rasu a Birmingham. Merle Powell, ita ma ta rasu. Icilda Rowe, ƙanwar kakarki ce in ba ki sani ba. Dorrett Witter." Ta tsaya tana ƙirga yatsu. "Shida ke nan. Akwai ta bakwai. Ita ke tsare mana baya, bahaguwa ce, tana da wushirya, ba ta taɓa yarda ta sa takalmi ba. Shekara biyu ta yi da mu ta bi wani mutum zuwa tsibirin Kurasawo. Sunanta..."

Fuskar matar na tsaye a idonta sarai, har da tabon da ke haɓarta, amma sunan ya ƙi zuwa. Ta juya gefen damanta, bakinta a buɗe, za ta ce Vin, wace ce ma yarinyar nan, sai ta ga benci ne kawai.

"Ba komai, Mis Pearline," in ji Tameika a hankali. "Sai mu bar gurbi."

"Ki bari. Zai zo mini."

Ta zauna har aka tashi atisaye, iyaye suka kwashe 'ya'yansu. Tameika ta ce za ta kai ta gida a mota, ta ce a'a. Ta kama sandarta ta bi hanya a hankali, tana kiran sunayen matan garin na da ɗaya bayan ɗaya, gida gida, daga bakin rafi zuwa sama. Har ta isa ƙofarta ba ta tuna ba.